Na kai mitar dashbod ɗin tsohuwar motata gyara maimakon in canza ta, ga yadda aikin ya kasance

Jama'a duk mai tsohuwar mota da mitar dashbod ɗinsa ta fara rikicewa, allurar gudu tana rawa ko gejin mai ya maƙale waje ɗaya ko fitilun ciki su ɗauke su dawo da kansu, shawarata kafin ka je ka sayo wata mitar ta hannu ka fara neman wanda sana'arsa kenan gyaran mita, ka ba shi taka ta asali ya duba. Ni haka na yi kuma gaskiya na gamsu da aikin, in da maki ake bayarwa zan ba mutumin huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili a ƙasa dan ba komai ne ya min daɗi ba.

Motar ƙirar 2004 ce, otomatik, mai shan fetur, injinta lafiya lau giya lafiya lau. Abin ya fara ne da allurar gudu, kana tafiya sai ka ga ta faɗi ƙasa kamar motar a tsaye take, can kuma ta zabura ta koma inda take, daga baya gejin zafin inji ya bi sahu, shi kuma sama yake hayewa ya ƙure alhali yanzu ka tada motar ko ɗumi ba ta yi ba. Sai ya zama in an shiga gargada duk fitilun gargaɗi su kama lokaci ɗaya, na batir da na baƙin mai da na burki, in ka ɗan bubbuga saman dashbod da hannu su mutu. Da safe in da sanyi abin ya fi tsanani, in mota ta yi zafi sai ya lafa. Wanda ya tayar min da hankali shi ne ranar da na murɗa makulli mitar ta yi ɗif ba ko ƙyalli, motar kuma ta ƙi tashi sam, sai da na jijjiga ta sannan komai ya dawo ta kama kamar ba ita ba.

Mutane da yawa suna raina wannan matsalar, za ka ji ana cewa ai tunda mota tana tafiya shikenan, mita ado ce. Wallahi ba ado ba ce. Fitilar baƙin mai ita kaɗai ce za ta gaya maka famfon baƙin mai ya daina turawa, kuma in hakan ta faru kana kan gudu ba ka da lokaci mai yawa kafin inji ya buga. Gejin zafi shi zai nuna maka fanka ta tsaya ko ruwa ya zube daga lagireto tun kafin gasket ɗin saman inji ya ƙone. To in mitar ta saba yi maka ƙarya kullum, ranar da ta faɗi gaskiya ba za ka yarda da ita ba, za ka bubbuga dashbod ka ci gaba da tafiya. Ni wannan ne ya fi damuna fiye da rashin sanin gudun da nake yi, dan da iyali nake hawa motar nan.

Kusan duk wanda na yi wa maganar abu ɗaya yake cewa, je ka nemo ta hannu a ɗora maka. Na yi tunanin hakan sosai kuma na ga akwai ramuka a ciki da ba a gaya wa mutum. Na farko mita biyu za su iya zama iri ɗaya sak a ido, soket ɗinsu ma ya shiga daidai, amma lambar da ke jikin takardar bayansu daban, wata ta dizal ce wata ta fetur, wata ta mai giyar hannu ce ba ta da wajen nuna P da R da N da D, wata da mil take ƙirga wata da kilomita, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗoriya. Gejin mai ma ba yare ɗaya suke ji ba, abin da ke cikin tanki yana aiko da saƙo ne ta hanyar ƙarfin turjiyar wuta da ake aunawa da om, tsofaffin motocin kamfanin GM na Amurka misali daga 0 zuwa 90 suke aiki, tsofaffin Ford kuma 73 in tanki ba komai 10 in ya cika, wato a juye ma suke, ka ga in aka haɗa wanda bai dace ba allura za ta motsa amma ba gaskiya take faɗa ba.

Na biyu kilomitar da motarka ta ci, a motoci da yawa na wancan zamanin a cikin mitar ake ajiye ta, a wani ɗan ƙaramin cif mai ƙafa takwas, irin su 93C56 ko 93C66 ko 24C02. Ka ɗora mitar wata mota ka ɗauko tarihin wata mota kenan. Na uku wanda ya fi duka ciwo, a wasu motocin tsaron makulli a cikin mitar yake zaune, Volkswagen Golf 4 da Passat na wancan lokacin da yawansu haka suke, Ford Focus ƙira ta biyu ma haka, in ka canza mita ba a haɗa ta da makulli da ƙwaƙwalwar inji ta kwamfuta ba motar ba za ta yi aiki ba, wata ta kama ta mutu nan take wata ko kamawa ba za ta yi ba. Tawa ma irin wannan tsarin gare ta, shi ya sa ranar da mitar ta ɗauke motar ta ƙi tashi. Sannan ka tuna ta hannun nan da za ka saya sa'ar taka ce, shekarunsu ɗaya, zafi ɗaya suka sha, ciwon da ya kama taka yana jikinta ko da bai fito ba tukuna, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Mai wayarin ɗin da nake kai wa aiki shi ya haɗa ni da mutumin, ya ce shi wayoyi da fiyus ya sani amma cikin fanel, wato allon lantarkin da ke cikin mitar, ba fanninsa ba ne, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar tasa dan wani da sai ya karɓa ya jagwalgwala. Mai gyaran dattijo ne haka, ba shi da yawan magana, da gyaran rediyo da talabijin ya fara kafin ya koma kan mitoci da ƙwaƙwalwar mota.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukudireba ba sai da ya gama awo. Na ce masa Malam ai mitar ce kawai a ciro ta, ya ce min Alhaji bari mu tabbatar tukuna, sau da yawa mita ba ta da laifi saƙon banza ake aiko mata. Ya ɗora mitar awo a kan batir mota a kashe ya samu wajen bolt 12.5, ya sa na tada ya samu 14 da ɗan kai, ya ce to altaneta ba ta wuce gona da iri, dan in tana tura wuta fiye da kima ko tana yankewa ita ma takan sa alluran su yi ta rawa. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya nemo wayar nagetif da aka ɗaure a jikin bodi a ƙarƙashin dashbod ya kwance ya goge tsatsar ya mayar, ya ce wannan wayar kaɗai ta sha sa mutane sun sayi mitar da ba sa buƙata. Sannan ya jona na'urar sikanin a soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda tun 1996 aka wajabta shi a motocin Amurka, Turai kuma daga 2001 a masu fetur. Lambar da ta fito ita ce U0155, ma'anarta sauran kwamfutocin motar suna kiran mita ba ta amsawa.

Daga nan ya ce mu ɗan zaga, yana gefe riƙe da na'urar ina tuƙi. Allurar gudu ta faɗi ƙasa kamar yadda ta saba amma a fuskar na'urarsa gudun yana nan yana karantawa daidai, zafin inji ma yana nan wajen digiri 90 bai motsa ba alhali gejin ya ƙure sama. Ya nuna min ya ce ka gani, sensar gudu lafiyarta ƙalau, da ita ce da mun ga P0500 kuma da giyar ma ta riƙa fizga wajen canji tunda otomatik ce, sensar zafi ma lafiya, saƙo yana fitowa daidai, a cikin mitar yake ɓacewa. Wallahi a nan hankalina ya kwanta da shi. Da wani ne da tuni an sa na sayi sensa biyu da tamostat kafin a gano ba su ba ne.

Ciro ta ba wuya, ya cire kan batir, ya sauke sitiyari ƙasa, 'yan sukurori ne da murfin roba. Ya kai ta kan teburinsa ya buɗe a gabana, kuma wannan ma abin yabo ne dan bai ce in je in dawo ba sai da na ga ciwon da idona. Ya kunna fitila ya ba ni madubin ƙara girma ya ce in duba inda ƙafafun soket suka shiga fanel. Kowace ƙafa an like ta da dalma, to a kewayen wasu daga ciki akwai wani siririn tsagu da ya zagaye ƙafar, kamar faso a diddige, da ido kawai ba za ka taɓa gani ba. Ya ɗan taɓa soket ɗin da yatsa sai ga ƙafar tana motsi a cikin dalmar.

Bayanin da ya min ya zauna daidai da duk abin da motar take yi. Dashbod waje ne da yake shan zafi in an ajiye mota a rana, da dare ya huce, ƙarfen ƙafar da dalmar da fanel ɗin kowanne da irin buɗewarsa da tsukewarsa, ga nauyin damin wayoyi yana jan soket ɗin, ga girgizar hanya, shekara da shekaru ana haka dole dalma ta gaji ta tsage. In da sanyi tsagun ya buɗe wuta ta yanke, in ya ɗumama ya haɗe, in ka bubbuga ya taɓa na ɗan lokaci. Kuma biyu daga ƙafafun da suka tsage su ne na layin da kwamfutocin motar suke hira ta kansa, wanda ake kira CAN, shi ya sa in suka rabu makulli ba ya samun amsa motar ta ƙi tashi. Wannan ciwon sananne ne a Focus ta biyu, masu ita sun san shi sosai, amma ba ita kaɗai yake kamawa ba.

Bai tsaya a ɗora sabuwar dalma kan tsohuwa ba, wanda shi ne aikin gaggawa da wasu ke yi. Ya zuƙe tsohuwar gaba ɗaya daga duk ƙafafun soket ɗin har da waɗanda ba su tsage ba, ya wanke wajen, ya sake likawa ɗaya bayan ɗaya da dalma mai gubar nan da ke narkewa a wajen digiri 183, ya ce ita ya fi yarda da ita a wajen da ake girgiza. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, kowane liki ya fito sumul yana sheƙi.

Sai maganar alluran. A motocin da suka girmi tawa sosai waya ce mai juyawa take tasowa daga giyabos ta shigo bayan mita ta juya maganaɗisu, shi kuma ya ja allurar gudu, irin waɗannan in allura tana rawa yawanci wayar ce ta bushe ko ta kusa tsinkewa. Amma a irin tawa kowace allura tana da ɗan injinta na lantarki a bayanta, sitefa moto suke ce masa, girmansa bai wuce murfin kwalba ba, a cikinsa akwai 'yan haƙoran roba ƙanana. Ya ba mitar wuta a kan tebur ya sa alluran suka share daga ƙasa zuwa sama, sai ga na zafin inji yana tafiya yana tsayawa yana wani ƙara ƙir ƙir, na gudu kuma yana tsallake. Ya ce haƙoran sun cinye. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, manyan motocin GM na 2003 zuwa 2006 irin su Silverado da Tahoe da Suburban sun yi suna a kansa har sai da maganar ta kai kotu a Amurka, kuma wanda ake maye gurbinsu da shi mai lamba X27.168 ne. Shawarar da ya ba ni ita ce a canza duka ba biyun da suka nuna kawai ba, tunda rana ɗaya aka saka su kuma buɗe mitar nan sau biyu ba alheri ba ne gare ta. Na yarda, kuma ina ganin duk wanda aka ba wannan shawarar ya karɓa, wahalar buɗewar ita ce babba, su 'yan injinan ba su ne masu nauyi ba. Ya kuma canza kafasito guda biyu, wato 'yan gwangwanayen nan da ke riƙe wuta a kan fanel, da kansu ya kumbura, ɗaya har ya fara tsiyaya a kan fanel, ruwan cikinsu in ya daɗe yana cin layukan tagulla.

Kafin duk wannan ya yi wani abu da ban ma san ana yi ba, ya maƙala wani ɗan matsi a kan cif ɗin da ke riƙe da kilomita da bayanan makulli ya kwafe abin da ke ciki ya ajiye a kwamfutarsa, ya ce ko da wani abu ya faru ana cikin aiki ba za a rasa motar ba. A nan na tambaye shi ko mutane suna zuwa a rage musu kilomita. Ya ce suna zuwa sosai musamman masu shirin sayarwa, kuma ba ya yi, in mita ta mutu an kawo wata zai mayar da ainihin adadin tsohuwar a kai in akwai shaida, amma ragewa ha'inci ne ba ya ci da shi. Na ji daɗin jin haka har raina, dan wanda ya sayi mota da kilomitar ƙarya ba kuɗinsa kawai aka ci ba, an ɓata masa lissafin lokacin canza bel ɗin taimin da sauran abubuwan da ake yi bisa tafiyar da mota ta yi, bel ɗin nan kuma in ya tsinke a wasu injinan bawul da fistin ne suke karo. Ƙasashe da yawa sun ɗauki abin a matsayin laifi, a Amurka tun 1972 dokar tarayya ta hana, har ta ce in an canza mita ba a iya mayar da adadin ba to a sa ta a sifili a manna takarda a jikin ƙofar direba mai nuna adadin da da ranar da aka yi aikin. Wasu motocin BMW ma in adadin mita bai yi daidai da wanda wata kwamfutar motar ta ajiye ba wani ɗan ɗigo ne yake fitowa kusa da lambobin ya tona asiri.

Mun ɗan yi ja-in-ja a kan ƙwayayen fitila. Ni na so a mayar da su duka LED dan hasken ya fi kyau kuma ba sa zafi, shi ya ce na hasken bayan lambobi zai sa min in ina so, amma zai bar na gargaɗi yadda kamfani ya yi su. Dalilinsa a tsofaffin motoci da dama ta cikin ƙwan fitilar batir ɗin nan wutar farko take bi ta je ta tada altaneta, in ka sa LED wutar da ke wucewa ta yi kaɗan sai ka ga mota ba ta caji sai an taka totur sosai ko ma ta ƙi gaba ɗaya, mutum ya yi ta canza altaneta a banza. Kuma LED yana da gaba da baya, in aka juya shi ba zai kama ba, wasu kuma ba sa bin abin rage haske da dare. Na bar masa yadda ya ce. Muna cikin haka ya gano ramin fitilar jakar iska ba ƙwai a ciki kwata-kwata, wani ya cire tun kafin motar ta zo hannuna dan kar a ga tana kunne. Ya sa sabo, ta kama ta ƙi mutuwa, sikanin ya nuna soket ɗin ƙarƙashin kujera ne ya saki, aka gyara ta mutu da kanta. Dan Allah duk wanda zai sayi tsohuwar mota ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa kafin ya tada, ya ƙirga su, ta cek injin da ta jakar iska da ta ABS da ta baƙin mai duk dole su kama sannan su mutu in an tada motar, wadda ba ta kama ba sam a tambayi dalili.

To yanzu inda ban ji daɗi ba. Alkawarin lokaci bai cika ba, ranar da ya ce in zo na zo ban samu an gama ba dan 'yan injinan da ke hannunsa ba su kai ba sai da ya aika aka kawo, kuma wannan da ya duba tun farko ya gaya min da na shirya, mota ba mita a ajiye take tunda ba za ta tashi ba. Waya kuma ba ya ɗauka in yana aiki, na fahimci mai riƙe da ƙarfen liki ba zai riƙa amsa waya ba amma ko saƙo a sa yaro ya tura ai ya wadatar. Yaron nasa da ya mayar da mitar ya karya ɗan maƙalin roba ɗaya na murfin, robar tsohuwar mota ta bushe dama sai da lallami, yanzu in an shiga gargada akwai wani ɗan kaɗawa da nake ji a wajen, ba babba ba ne amma da babu shi. Akwai kuma 'yar ƙura da sawun yatsa da aka rufe a cikin gilashin ta ciki, in rana ta haska sai ka gan shi, mutumin da ya yi aiki mai tsafta haka a kan fanel bai kamata a ce gilashi ne ya gagare shi gogewa ba. Garanti ma da baki ya ba ni, ya ce in ta sake yi in dawo ba sai na biya ba, na yarda da shi amma na fi son a rubuta a takarda da abin da aka canza da ranar, ko dan wanda zai gaji motar a hannuna.

Wajen mayar da allurai kam ya yi ƙoƙari, dan nan ne aikin mutane da yawa yake lalacewa. Allura in ka cire ta ba a mayar da ita da ka, sai an ba mitar wuta injinan sun koma mazauninsu na sifili sannan a dasa ta a hankali, in an danna da yawa ta riƙa gogar fuskar mitar tana maƙalewa, in an karkace kaɗan duk karatun ya tafi a karkace. Bayan an ɗora mun fita babban titi na kunna GPS na waya muna kwatantawa, mitar tana nuna 100 wayar tana nuna 96 zuwa 97, na ce Malam ai ta ɗan yi sama, ya ce haka ake so, ƙa'idar da Turai da ƙasashe da yawa ke bi ba ta yarda mita ta nuna ƙasa da ainihin gudu ba, sama kuma an yarda har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, girman taya ma yana canza lissafin. Gejin zafi yanzu yana tashi a hankali ya tsaya a tsakiya, na juyin inji yana zaune daram in mota tana tsaye, tun daga lokacin an sha sanyin safiya an sha gargada ko sau ɗaya fitilun ba su sake yin wancan haukan ba, motar kuma bugu ɗaya take tashi, Alhamdulillah.

Ba kowace mita ce take gyaruwa ba, shi da kansa ya nuna min wasu a gefe da ya ce ya mayar wa masu su. Wadda ruwa ya shiga ta daɗe har layukan suka rube, ko wadda aka juya kan batir ko aka yi mata jan wuta ba daidai ba babban cif ɗin ya ƙone, irin waɗannan sai dai a nemo wata mai lamba iri ɗaya a kwashe bayanan tsohuwar a zuba mata, kuma ko a nan ɗin kar ka yar da tsohuwar taka dan a cikinta bayanan suke. Masu ƙaramin allo da rubutu ke gutsurewa kuma, kamar yadda aka sani a BMW E39 da Mercedes W210, yawanci siririyar wayar nan mai kama da leda da ta haɗa allon da fanel ce take saki, ana canza ta, sai dai aiki ne mai son haƙuri kuma ya ce ba ya ba yaransa shi.

Saura abu ɗaya da bai daidaita ba, gejin mai. Daga cike zuwa rabi yana sauka lafiya, yana zuwa wajen rabi sai ya ɗan yi tsalle ya faɗa kwata ya dawo. Na koma masa da shi ina zaton aikinsa ne, bai yi musu ba ya ciro soket ɗin tanki ya jona wata 'yar na'ura mai canza om a madadinsa, yana murɗawa allurar tana bi sumul daga ƙasa har sama ba tsalle ko ɗaya, sannan ya auna abin cikin tankin da kansa ya ga karatun yana yankewa a tsakiya, wajen da hannun fulot ɗin, wato abin da ke yawo a saman mai, ya fi gogawa tsawon shekaru ya cinye. Ya ce wannan na bakanike ne ba nasa ba, a ciro famfon mai a canza sensar da ke jikinsa, kuma a tabbatar an sayo mai om daidai da na motar, bai karɓi komai a hannuna ba na wannan awon. Na riga na yi magana da bakanikena, sai man da ke tankin ya yi ƙasa za a buɗe dan ba a son yin aikin da tanki cike.